Shafi na Huɗu a Fayil ɗin Yaya

Ranar da sanarwar ta fito Auta ce ta fara ganin ta, kuma kuskurenta na farko shi ne da ta karanta ta da ƙarfi a tsakar gida, Baba yana zaune yana ji.

Gwamnati na neman masu digiri arba'in, ta horar da su shekara biyu a ofisoshin da ake tsara manufofi, daga nan ta ba su aikin dindindin. Sunan abin Shirin Sabon Jini. Sharaɗi uku ne kacal: digiri, da shekarun da ba su haura talatin ba, sai rubutu mai shafi goma a kan wata matsala da mutum ya gani da idonsa, haɗe da yadda gwamnati za ta magance ta. Wanda rubutunsa ya ci, a kira shi intabiyu.

Tsara manufofi shi ne abin da Auta ta karanta a jami'a, kuma shekara uku tana zaune a gida tana jiran irin wannan rana. Rubutun ma kusan a shirye yake. Wata biyar ta yi tana kai Mama asibiti awon hawan jini, tana ganin yadda tsofaffi suke bin layi uku kafin su samu ƙwaya ɗaya: layin kati, layin likita, layin magani, wani lokaci a ce kati bai da hatimi a mayar da mutum layin farko. Ta riƙa zuwa da ɗan littafi tana ƙirga mutane, tana duba agogo, tana hira da masu shara da masu ba da kati. Ta yi rajista a ranar, ta zauna mako biyu ta gama shafi goma cif, har ita kanta da ta sake karantawa sai da ta yi murmushi.

Sai Baba ya kira taro.

Shekara talatin da biyar Baba ya yi a sashen ajiye fayil na wata ma'aikata. Ya yi ritaya, amma sashen bai yi ritaya daga jikinsa ba. A falonsa akwai kabad na ƙarfe mai ɗauke da fayil na wutar lantarki, da fayil na ɓeraye, da fayil na rufin kicin da yake yoyo. Wannan na ƙarshen shekararsa huɗu, ya yi kaurin da sai da hannu biyu ake ɗaga shi, rufin kuwa yana nan yana yoyonsa. Ba a yin komai a gidan sai an zauna, kuma ba a zama sai an rubuta abin da aka faɗa. Da yake Auta ce mai kyan rubutu, tun tana sakandare aka naɗa ta Sakatariya, muƙamin da ba albashi ba hutu.

Baba ya zauna a kujerarsa, Mama a gefe tana tsince shinkafa, Yaya ya shigo yana miƙa. Shi ma Yaya mai digiri ne, ya dai ɗan daɗe a can, karatun shekara huɗu ya yi shi a bakwai don ya fahimta sosai. Aikinsa a yanzu zama a bencin mai aski yana gyara wa masu horar da 'yan ƙwallo kurakuransu. Shekarunsa ashirin da tara, kuma wannan ce shekara ta uku da yake ashirin da tara.

"Ajanda ɗaya ce," in ji Baba. "Batun Sabon Jini. Sakatariya, rubuta."

Auta ta rubuta.

"Gwamnati ba ta ɗaukar mutum biyu daga gida ɗaya."

"Baba, ba su faɗi haka a sanarwar ba."

"Ba sa faɗa. Ni na zauna da fayil, na san abin da ake faɗa da wanda ba a faɗa. To tunda mutum ɗaya ne, sai a bi girma. Yayanki shekarunsa sun zo gargara, ke kuwa ashirin da shida, da sauranki. Bana nasa, baɗi naki."

"To ai sai ya yi nasa rubutun, ni ma in kai nawa, wanda Allah ya ba shi ke nan."

Yaya ya gyara zama. "Ni fa ba na son yin abu cikin gaggawa. Kwana shida ya rage a rufe. Rubutu irin nawa yana son natsuwa."

"Shi ya sa," in ji Baba. "Rubutu yana nan a gida an riga an gama, sai mu tsaya wahalar yin wani? Wannan ai almubazzaranci ne. A cire suna a sa suna."

Auta ta ɗago kai daga takardar. Ta dubi Mama. Mama ta ƙura wa shinkafarta ido kamar yau ta fara ganin tsakuwa.

"Mama, ke kika san yadda na yi rubutun nan. Tare muka tsaya a layin."

"Na sani, 'yar nan. To in ya samu ai ke ma kin samu. Ciki ɗaya kuka fito."

Aka kaɗa ƙuri'a. Hannu uku suka tashi. Auta ta ɗaga nata don ƙin amincewa, Baba ya ce ta sauke, Sakatariya ba ta da ƙuri'a, aikinta rubutu. Ya faɗa ta rubuta, rubutun bai ko karkace ba: "An amince cewa rubutun da Auta ta yi a kan layin asibiti a cire sunanta a sa na Yayanta, saboda shi ne babba. Auta za ta koya masa abin da ke ciki, ta jira baɗi." Kowa ya sa hannu. Ita ce ta ƙarshe, kuma ita ce ta goge sunanta a kwamfuta ta buga nasa, domin Yaya ya ce shi irin wannan kwamfutar ba ya gane mata.

Daga ranar gidan ya koma ma'aikatar kula da lafiyar Yaya. Aka ɗauke teburin Auta aka kai ɗakinsa, tunda mai neman babban aiki yana buƙatar tebur. Kwamfutar ta bi tebur. Fanka ta bi kwamfuta, don kada ta yi zafi. Aiken da Yaya kan yi a dā, wato sayo gas da kai janareta wurin gyara, aka mayar wa Auta, saboda kada rana ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Idan ya yi barcin rana sai a rage muryar rediyo, Mama ta ce yana tunani ne.

Bayan mako biyar saƙo ya shigo wayar Yaya: rubutunsa ya yi nasara, ya zo intabiyu ranar kaza. Baba ya miƙe ya rungume shi, abin da bai taɓa yi ba, yana cewa, "Jinina ne! Na san za a rina!" Mama ta leƙa ta katanga ta gaya wa maƙwabciya, kafin la'asar duk layin ya ji. Mai aski ya fara kiransa Darakta. Mai shagon bakin titi ya ba shi lemo kyauta, ya ce a tuna da shi idan an zo rabon rumfunan kasuwa.

Auta ta shiga kicin ta tsaya a ƙarƙashin inda rufin yake yoyo, ta yi kuka. Rabin kukan na murna ne, domin rubutunta ya ci, wasu mutane da ba su san ta ba sun karanta sun ce ya yi. Ɗaya rabin kuwa ba sai an faɗa ba. Tana cikin haka Yaya ya leƙo.

"Auta, a taya ni murna mana. Wallahi ni ma ba a son raina ba ne, taro ne ya yanke. Af, wai me na ce a shafi na bakwai ɗin nan?"

Sai aka shiga koyarwa. Kullum da safe bayan ta gama shara da wanke-wanke, ta zauna a tabarma, shi yana kan kujerarta a gaban teburinta, ta bi da shi layi-layi. A mako guda abin da ya kama shi ne kalma ɗaya, "masu ruwa da tsaki," kuma ya ƙaunace ta ƙauna mai tsanani. Ko gishiri ya yi yawa a miya sai ya ce ya kamata a tuntuɓi masu ruwa da tsaki.

"Yaya, layi nawa ne a asibitin?"

"To, idan muka duba, a dunƙule..."

"Uku. Uku ne, Yaya. Shi ne kan rubutun."

"Kin cika gaggawa. Da kin bari da can zan ɓullo."

Ta ce ya je ya ga asibitin da idonsa ko sau ɗaya. Ya shirya ya tafi, ya kai bakin ƙofa, ya dawo ya ce warin magani yana sa shi jiri, amma dai ya hango ginin, gini ne mai kyau. Baba ya ce wannan ya wadatar, manyan jami'ai ma daga cikin mota suke duba aiki.

Da yamma kuma a yi gwajin intabiyu a falo. Baba shugaba, Mama mamba, Yaya ya fita waje ya ƙwanƙwasa ƙofa ya shigo. Sai da aka kwana uku a kan ƙwanƙwasa ƙofa kawai, domin Baba ya ce daga nan ake gane wanda zai yi nisa a aikin gwamnati. Tambayar Mama kullum ɗaya ce, ko ya ci abinci. Idan Baba ya yi tambaya ta gaske Yaya ya kakare, sai duk su juyo kan Auta.

"Ke wai me kike koya masa ne? Ko baƙin ciki kike yi?"

"Baba, ba ya karantawa."

"Malamin kirki ba ya ɗora wa ɗalibi laifi."

Ta rame. Ƙawayenta na jami'a suna bugo waya suna tambayar ko an kira ta, tana cewa bana ba ta samu dama ba. Abin da take riƙe da shi a zuci kalma ɗaya ce, baɗi. Har ta fara tunanin abin da za ta rubuta a kai.

Ana jibi intabiyu Baba ya kulle kansa a falo tun safe. An ce kowa ya zo da takardunsa na asali a cikin fayil, kuma a duniyar nan idan ana maganar fayil, Baba ba ya son a sa masa baki. Ya sayo sabon bango mai kauri, ya huda takardu a kusurwa ɗaya ba wadda ta goce, ya zura igiya, ya bi kowane shafi ya rubuta masa lamba da jan biro. Da ya fito yana riƙe da shi kamar jariri, ya ce ko shugaban ma'aikata ya ga wannan sai ya tambayi ɗan gidan wa ne. Ya ɗaure shi da zare, ya ce kada wanda ya kwance sai a gaban kwamiti.

Ranar intabiyu Auta ta goge kwat ɗin da aka ɗinka wa Yaya, ta goge takalmi, aka ce ta raka shi ta riƙe fayil don kada gumin hannunsa ya ɓata bangon, ta kuma riƙa tuna masa a mota. Baba ya biyo su, ya ce shi zai tsaya a ƙofar gini ya gaisa da masu gadi, ana samun labari a wurinsu.

Dogon baranda ne a hawa na biyu, benci a jere, matasa cike kowa da fayil a cinya. Wata da suka yi aji ɗaya da Auta ta hango ta ta taso da murna.

"Na san dole a kira ki! Ke da kike koya mana. Lamba nawa ce taki?"

"Rakiya na yi."

Yarinyar ta dubi Yaya da yake ta motsa baki yana maimaita "a dunƙule," ta dubi Auta, ta koma wurinta.

Aka kira shi. Ya ƙwanƙwasa ƙofa yadda aka koya masa, kuma a gaskiya ƙwanƙwasawar ta yi kyau. Minti goma, sha biyar. Can sai Auta ta jiyo wata irin dariya daga ciki, wadda aka yi ƙoƙarin dannewa ta ƙi. Ƙofa ta buɗe, wani jami'i ya leƙo.

"A cikinku wace ce Sakatariya?"

Ba wanda ya motsa.

"An ce ta yi rakiya. Auta."

Ta miƙe ta bi shi. A ciki mutum uku ne a bayan tebur, a tsakiyarsu wata dattijuwa mai tabarau, ita ce shugaba. Yaya yana zaune a gabansu ya jiƙe sharkaf, kwat ɗin ta manne masa a baya. Fayil ɗin Baba a buɗe yake a gaban shugabar.

"Zauna, 'yata. Mun tambayi ɗan'uwanki layi nawa ne a asibitin da ya yi wata biyar yana nazari, ya ce ya danganta da masu ruwa da tsaki. Sai muka ce bari mu duba takardunsa. Shekarata ashirin da takwas ina aiki ban taɓa ganin fayil mai tsari irin wannan ba. Shafi na ɗaya takardar haihuwa, na biyu digiri, na uku rasiɗin ɗinkin kwat. Wannan kuma shafi na huɗu." Ta juyo da fayil ɗin. "Rubutun hannun wa ne?"

Bayanin taron ne. Ga shi nan ɓaro-ɓaro da kyakkyawan rubutunta, "a cire sunanta a sa na Yayanta," ga sa hannu huɗu a ƙasa, ga lamba huɗu da jan biro a kusurwa. A wurin Baba takarda ba ta tafiya sai da takardar da ta haife ta. Bai ɓoye ba, domin har cikin ransa bai ga abin ɓoyewa ba.

"Nawa ne," in ji Auta.

"Layi nawa ne?"

"Uku. Amma gaskiya huɗu ne, don kusan mutum ɗaya cikin biyar ana mayar da shi neman hatimi. Da za a ajiye mai hatimin a teburin kati, an rage wa kowa kusan awa guda, kuma ba sai an ɗauki ko ma'aikaci ɗaya ba."

Ta yi magana kusan minti biyar ba wanda ya katse ta. Mutumin da ke hagun shugabar ya ajiye biro ya zuba mata ido. A cikin mintunan nan ta manta da Yaya, ta manta da shafi na huɗu, ta ji ta a inda ya kamata ta kasance tun farko. Da ta yi shiru shugabar ta cire tabarau ta murza idonta.

"Rubutu dubu huɗu da wani abu muka karɓa. Wannan ne ya zo na ɗaya. Tun safe muke ɗokin ganin mai shi." Ta yi ajiyar zuciya. "Kin karanta dokar shirin?"

"Na karanta."

"To kin san wanda ya kawo rubutun wani, da wanda ya ba shi da saninsa, duk hukuncinsu ɗaya. Shekara biyar ba za su sake nema ba. Shekarunki nawa?"

"Ashirin da shida."

Ba wanda ya yi lissafin da baki. Talatin da ɗaya ne, kuma ƙofar a talatin take rufewa.

"Me ya sa kika sa hannu, 'yata?"

"Baba ne ya ce."

"Na sani. Wallahi na sani. Amma dokar ba ta da gurbin wannan, kuma ga sa hannunki a gaban mutum uku. Ba yadda zan yi in ce ban gani ba."

A mota ba wanda ya yi magana sai Baba, shi kuwa bai yi shiru ba har gida. Da farko gwamnati ya kama. Ya ce gwamnatin yanzu ba ta san darajar fayil ba, a zamaninsu wa yake karanta shafi na huɗu? Ana duba bango, a duba lamba, a sa hannu a tura gaba. Waɗannan sababbin sun zo da ɗabi'ar karance-karance, shi ya sa aiki ba ya tafiya. Da aka shiga gida Mama ta ji labari ta ɗora hannu a ka, abin da ta fara tambaya shi ne wa zai gaya wa maƙwabta. Kafin a gama cin abincin rana laifin ya gama zagayensa ya sauka inda ya saba sauka.

"Ke ce," in ji Baba. "Sakatare mai hankali cewa yake 'an tattauna batun rubutu, an cimma matsaya.' Shi ke nan. Ke kuma kika zauna kika fayyace komai dalla-dalla kamar mai ba da shaida a kotu."

"Kai ka faɗa na rubuta, Baba."

"Ni faɗa na yi. Aikin sakatare ne ya san abin da zai bari a baki."

"Kuma da ta shigo," in ji Yaya, "maimakon ta rufa min asiri, sai ta kama zuba kamar rediyo. Ta nuna musu ta fi ni sani a gaban idona."

Wasiƙar hukunci ta iso bayan mako guda, kofi biyu, ɗaya da sunansa ɗaya da nata. A ƙasa an rubuta cewa wanda yake da koke yana da kwana goma sha huɗu. Baba ya karanta wannan layin sau uku, fuskarsa ta washe, ya kira taro.

"Ga mafita. Sakatariya za ta rubuta takardar koke a madadin Yayanta. Ta ce ita ce ta cusa rubutunta a cikin takardunsa ba da saninsa ba, don son ta taimaka masa. Shi yana da nasa rubutun, ta ɓoye. Sai a wanke shi, baɗi ya sake nema."

"Ai tuni ya haura talatin, balle baɗi," in ji Mama.

"Wannan kuma a bar min."

"Baba, sa hannunsa yana kan shafi na huɗu," in ji Auta.

"Sai a ce bai karanta ba ya sa hannu. Sun gan shi, za su yarda."

Yaya ya gyaɗa kai, ya ce wannan gaskiya ne, bai karanta ba.

Mama ta matso ta dafa gwiwar Auta, muryarta a tausashe, irin wadda take lallashinta da ita tana ƙarama. "Ki yi haƙuri ki rubuta, 'yar nan. Ke ai taki ta riga ta ƙare, ko kin rubuta ko ba ki rubuta ba. Shi ne mai sauran dama. Ba abin da za ki ƙara rasawa."

Wannan maganar ce ta fi komai yi wa Auta ciwo, domin ba da mugunta aka faɗe ta ba. A gidan nan ba wanda ya ƙi ta. Suna son ta yadda ake son rijiyar tsakar gida, kowa ya zo ya ɗiba, ba wanda ya taɓa tambayar ko ita ma tana jin ƙishi. An ɗauke mata wata biyar na tsayuwa a layi, da shekara huɗu na karatu, da aiki guda ɗaya da ta taɓa so a rayuwarta, kuma duk wanda ya ɗauka yana da hujja mai kyau: wannan girma ya bi, wannan zumunci ta duba, wannan taro ne ya sa shi. Abin da ya rage mata sunanta ne, shi ma ga shi an zo ara.

Ta ajiye biron a kan tebur.

"Ba zan rubuta ba."

Baba ya karkata kunne kamar an yi masa magana da wani yare.

"Me kika ce?"

"Na ce ba zan rubuta ba, Baba. Ban cusa komai ba, ban ɓoye komai ba. Karɓa kuka yi."

Ta tashi ta shiga ɗakinta ta rufe ƙofa. Wannan ne taro na farko a tarihin gidan da aka tashi ba a rubuta komai ba.

Washegari da safe ta ga takarda an turo ta ƙarƙashin ƙofa. Takardar tuhuma ce da rubutun Baba, layi biyu: ta yi bayani cikin awa ashirin da huɗu dalilin da zai hana a ɗauki mataki a kanta, bisa laifin ficewa daga taro ba izini. Ta karanta, ta ajiye a kan wasiƙar hukuncin, ta ci gaba da zamanta.

Awa ashirin da huɗu ta cika ba amsa. Baba ya ce bisa ƙa'ida sai a aika mata takardar tunatarwa, kuma ba girman shugaba ba ne ya rubuta takarda biyu a jere. Ya miƙa wa Yaya farar takarda da biro, ya ce ya naɗa shi muƙaddashin sakatare. Yaya ya zauna a gaban teburin Auta, a ƙarƙashin fankar Auta, tun hantsi har azahar. Ya rubuta kwanan wata, ya soke, ya sake rubutawa. Daga ƙarshe ya taso da takardar a hannu, ya zo ƙofar ɗakinta ya ƙwanƙwasa a hankali, ya rage murya don kada Baba ya ji.

"Auta. Auta, don Allah, wai yaya ake fara rubuta irin wannan?"

Ta daɗe tana kallon ƙofar. Ba ta buɗe ba.